Bokitin taki da kwalin Malumfashi

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Bokitin ya fara wari. Taki mai kyau ƙamshin ƙasa yake yi bayan ruwan farko. Wannan ɗoyi ne. Da na ɗaga murfin sai da na dafa bango.

'Yata Najiba ba ta sani ba tukuna. Tana fita asibiti da sassafe, ta dawo a gajiye, ba ta leƙa baranda. Tana ganin ɓawon ayaba da na dankali suna ɓacewa daga kicin, tana zaton ubanta ne ke taya ta zubar da shara. Ni kuwa tun da ta ɗauko ni daga Malumfashi bayan rasuwar matata Khadijatu, ba ni da wani aiki a Dubai sai bokitin nan. Irin ramar da Khadijatu ta ƙulle a bakin ɗankwalinta yana wurina. Ba zan shuka shi a ƙasar leda ta kanti ba. Da hannuna zan yi masa ƙasa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ƙananan ƙudaje. Ruwa baƙi a gindin bokitin. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina malamin gona, ina koya wa mutane haɗa taki.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ta gani. Ta fita shanya tawul, ta dawo hannu a hanci.

"Baba, mene ne wancan?"

Na ce taki ne.

"Baba, shara ce. A bene na bakwai. A Al Rigga."

Na ce a gida ba mu raba su, sharar bana ce takin baɗi. Ta ce nan ba gida ba ne. Na ce ai na sani, shi ya sa kwalina ke ɗaure. Kwalin da na zo da kayana a ciki yana nan gefen gado da igiyarsa. Riga biyu na ciro, su nake wankewa ina mayarwa. Ta gaji da roƙona in zuba kayan a durowa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Abdul-Samed, mutumin Ghana mai kula da benen, ya hau yau. Shi kaɗai ne nake jin Hausa a bakinsa ban da Najiba, ko da yake tasa Hausar ba ta san mace ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Alhaji, matar ƙasa ya yi fushi. Ruwan abinka ya ɗiga a kayan shi."

Na ce matar ce ko mijin? Ya yi dariya, ya ce matar mana.

Ofishin benen sun ce zuwa Juma'a. Idan akwai wari ko ɗiga, shi za a aiko ya sauke bokitin. Bai iya kallona ba da yake faɗa.

Idan aka ɗauke shi, me zan tashi in yi da safe? In zauna gaban gilashi ina kallon motoci har a kira azahar.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ban iya cin abinci ba. Amma na gane ciwon bokitin.

Jujinmu na gida ba ɓawo kaɗai yake ci ba. Khadijatu tana share tsakar gida ta zuba masa: ƙaiƙayi, guntun kara, busasshen ganyen darbejiya, tokar murhu, kashin awaki. Busasshen ne ke shanye ruwan ɗanyen, iska ta samu hanya. Ni kuwa ɗanye zalla nake ɗura masa. Gidan nan ba ya shara. Wani inji ne Najiba ke ja a ƙasa, ya haɗiye komai. Babu murhu, babu akuya, babu ko ganye ɗaya da iska za ta jefo.

Na roƙe ta toka. Ta juye mini ta kaskon turaren wuta, ko cikin tafin hannu ba ta yi ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Kwali zai yi aikin kara idan an yayyaga shi ƙanana. Na tambayi Abdul-Samed. Ya ce na benen nan masu kura ne ke kwashewa tun kafin ya zo aiki, amma a kasuwar Murshid Bazaar, wurin masu ɗaure kaya, kwali har tsallake shi ake yi. Sai dai ba shi da hutu sai Lahadi.

Lahadi. Na ce masa Allah ya kai mu. Bokitin ba zai kai ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Na fita da kaina. Ban faɗa wa kowa ba.

Ban kai ko tashar jirgin ƙasa ba. Rana ta bugi ƙeyata har na kasa ci gaba. Na zauna a dakalin wani shagon canji. Mutane suna ta wucewa, kowa da wayarsa. Wani ya tsaya ya ba ni ruwa yana cewa shwaiya shwaiya, wato sannu-sannu da Larabci, ya ga lambar Najiba da ta rataya mini a wuya kamar ɗan yaye, ya kira ta.

Ta zo ta ɗauke ni a mota. Sai da muka shiga gida ta ce, "Khalas, ya isa haka, Baba. Ran Juma'a ni zan sauke shi da hannuna. Na binne uwa, ba zan tsinci uba a titi saboda ɓawon ayaba ba."

Na ce to ki mayar da ni Malumfashi. Ta ce wurin wa?

Gidan yana kulle, babu kowa a ciki.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na daɗe zaune a bakin gado ina kallon kwalina. Kwali mai kauri, na injin niƙa ne, ɗan maƙwabcinmu ya samo mini. Sunana na jikinsa da babban rubutu, ƊALHATU, M/FASHI.

Igiyar ta ƙi kwancewa, sai da na sa wuƙa.

Manyan rigunana suna ƙamshin ɗakinmu. Ban tsaya ba. Na zube su a gado, na yi ta yaga har yatsuna suka daina ji. Na tsiyaye baƙin ruwan a banɗaki, na shimfiɗa kwali a ƙasan bokitin, na cuɗa sauran da muciyar Najiba. Za ta yi faɗan muciyar.

Kayan ba za su kwana a gado ba, dole na sa su a durowa. Na wucin gadi.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Abdul-Samed ya hau bayan an sauko daga masallaci, Najiba na bayansa. Ya ɗaga murfin, ya sunkuya, ya shaƙa. Ya sake shaƙa. Ya shafa ƙasan barandar, a bushe.

"Alhaji, ya mutu ne?"

Na ce bai mutu ba, magani ya sha.

Najiba ta dafa cikin bokitin da bayan hannu, yadda take yi wa goshina. Ta ce, "Baba, zazzaɓi yake yi." Na ce a wurinsa wannan ce lafiya. Ba ta ce a bar shi ba, ba ta kuma ɗauka ba. Da za ta wuce ɗakina ta tsaya a ƙofa, ta dubi inda kwalin yake a da, ta dubi durowar. Ta tafi kicin. Na ji ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba.

Na ci tuwo har na nemi ƙari.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ƙasar ta yi baƙi, tana marmashewa a hannu. Na shuka rabin irin ramar a tsohuwar robar wanki, rabin na mayar bakin ɗankwalin. Wasu sun tsiro, da jan kara, irin na Khadijatu sak.

Yau Abdul-Samed ya shigo da kwali sabo daga Murshid Bazaar, babba, har da igiya. Ya ce, "Najiba ya ce ka yaga na komawa gida. Ga wani."

Na yi masa godiya. Kwali ne mai kyau, zai ɗauke kayana duka.

Ba wai na fasa tafiya ba ne. Amma na fara tara sabon ɓawo, kuma ya soma jiƙa. Marfin kwalin kawai na yaga.