Babin da Na Kasa Buɗewa

Aminiyata,

Gaisuwa mai yawa. Ya Mama da ƙafar tata? Ya maigidan da yara? Ni lafiya lau. Sabulu ne ya ɗan tsattsaga min hannu, shi ya sa rubutun ya karkace, amma kada Mama ta ji.

Albishirinki! Wani littafi ya hargitsa mana ɗakin wankin otal ɗin nan, muna ta karɓa-karɓa lokacin hutu. Labarin ƙawaye biyu ne, tun suna 'yan mata har tsufa. Ba faɗa, ba tashin hankali, sai hira da aron allura. Doguwa mai guga ta yi wurgi da shi, ta ce, "Wannan ai maganin barci ne!" Washegari na tarar da ita bayan injin wanki tana sharar hawaye, wai tururi ne. Shugabarmu kuwa, da ba mu taɓa ganin haƙorinta ba, tana gamawa ta kira ƙawarta da suka shekara tara ba sa magana. Har waje muna jin dariyarta!

Ni kam ke nake gani a kowane shafi, musamman in mai mitar nan ta fara. Amma na kasa buɗe babin ƙarshe. Duk sun karanta, bakinsu na ƙaiƙayi, ni kuma ina toshe kunne.

Ga shi na sayo miki naki. Ki karanta ki rubuto min. In ɗaya ta rasu ta bar ɗaya, kada ki faɗa min. Ki ce min kawai kina lafiya.

Allah ya bar mu tare.

Taki har kullum.