Jan Zare a Wuyan Baƙuwa

Yaya Fumie,

Kin taɓa ganin tsiron da ke hawa shinge da wuyan ganyensa? Ni ma sai a nan. Af, ban gaishe ki ba. Kina lafiya? Ya ƙafar Inna? Kwalekwalen ya daina yoyo?

Baba Genzo mai lambun da nake koyon aiki a ciki ya ce zai gwada ni zuwa kaka, in ban yi ba in koma tsibiri. Furanni biyu masu yaɗo ne suka sarƙe kamar tarun da guguwa ta taɓa. Kazaguruma 'yar ƙasa ce, kunnuwan furenta takwas. Tessen daga Sin aka kawo ta, nata shida. Aikina shi ne in na ga baƙuwar in ɗaura mata jan zare, daga baya a cire ta. Na riƙe su haka: ƙafar ƙaguwa takwas, ƙafar tururuwa shida. Baba ya ji ina faɗa, yanzu Ƙaguwa yake kirana.

Jiya na ci karo da mai bakwai, na rasa gane ko wacce ce. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai Ƙaguwa, fure maƙaryaci ne kamar dillalin kifi. Dubi sandarsa." Ashe baƙuwar tana da 'yan ganye biyu a tsakiyar sandar furen.

Ina cin shinkafa in ƙoshi. Tausayin masu jan zaren kawai nake ji, ni ma ai baƙo ne.

Ƙaninki,
Shinpei

Yaya Fumie,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Busasshen kifin ya iso, Baba ya cinye rabi.

Kaka ta shigo, yau aka cire masu jan zaren. Tun safe na tara itacen ƙona su, na kuma naɗe kayana a ɓoye. Baba ya ce, "Wa za ka gasa, ni? Kawo tukwane, sakarai." Ashe bakin ƙofa za a mayar da su, inda za su samu rana. Ya miƙo mini butar ban-ruwa, ya ce sai sun shekara biyu kafin su kama, kuma ni zan riƙa shayar da su.

Yaya, sai da ina shan miyar wake ta miso na gane. Shekara biyu fa!

Ki aiko mini da rigar sanyin nan mai kauri. Bari in tafi, ga shi can yana ƙwala wa Ƙaguwa kira.

Ƙaninki,
Shinpei