Motar da ta ƙi yi mini ƙarya

Ikara, daren Laraba, lokacin kaka

A-kori-kurarmu ta dawo daga gareji. An saka mata jakunkunan iska na gwanjo a baya, don sabon sifirin, ƙarfen da ke tallafe nauyin kaya, ya fi ƙarfinmu a wannan zamani na tsuke bakin aljihu. Yanzu ko an loda mata buhuna ba ta durƙusawa. Na yi murna, na manta cewa durƙusawar nan ce uzurina ga masu neman a rage musu hanya.

Yau muna hanyar zuwa Makarfi, a Gubuchi na tarar da Gwaggo, wadda ta goye ni, tana jiran motar Makarfi da kwandon daddawarta. Shugabar makarantarmu na zaune kusa da ni, tana ƙamshin turare.

Na ce, “Gwaggo, kaya sun yi yawa, dubi yadda bayan ya zauna.”

Ta leƙa. Bayan na tsaye cak kamar soja a fareti.

Ta ce, “Lallai ya zauna, 'yar nan. Ku tafi, kada ta karye.”

Da magariba ta aiko mini da daddawa. Ban iya buɗe ƙullin ba, amma duk ɗakin ya ɗauki warinta.