Kwas ɗin da Kika Ba Sabon Dakta

Aminiyata, Shugabar Sashe,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya ƙafar Mama, ta fara takawa? Ya yaran? Allah Ya ƙara sauƙi.

"Ranar da na hau kujerar nan, kwas ɗin jagorancin 'yan yawon buɗe ido naki ne har ki gaji." Ke kika faɗa, a ɗakin girkina, shekarar da na riƙe miki azuzuwa uku kika tafi karatun dakta. Yanzu kin hau. Na duba allon sanarwa, sai ga sunan sabon Daktan nan a gurbin nawa.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake. Na karanta littafinsa kaf ina neman kuskure, kuma mutumin ya iya rubutu, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ɗalibai rububin ɗaukar masa jaka suke. Yarinyar da na koya wa magana da makirufo a tsaye cikin mota mai gudu, jiya ta ɗaga min hannu daga nesa ta shige ofishinsa. Na rufe ƙofata na kasa gyara takarda ko ɗaya.

Amma ki tambaye shi labarin Litinin. Ya kwashi ɗalibai arba'in zuwa gidan tarihi a ranar da ake rufe shi, ko waya bai buga ba. Suka tsaya a rana yana yi wa ƙofa lacca. Da za a dawo bai ƙirga kawuna ba, aka baro biyu a banɗaki. Ni mai gadin ya kira, don lambata ya sani, ni na je na ɗauko su. Shekara sha huɗu na yi ina yawo da baƙi kafin na fara koyarwa, ko hular wani ban taɓa barowa ba. Yaran nan gobe su za a damƙa wa tsofaffi masu ciwon suga da ba sa jin yarenmu.

Ban kai maganar sama ba, albarkacinki.

Alhamis ne taron sashe. Ya riƙe laccar aji, ya iya ta. Fita da ɗalibai kuma ki maido min, a rubuce. In aka tashi ban ga takarda ba, safiyar Juma'a zan karɓi aikin horar da ma'aikata da otal ɗin bakin tasha ke bina da shi tun bara. Manajoji shidan da ke ɗaukar ɗalibanmu sanin makamar aiki don fuskata, ke za ki bi su ofis-ofis ki roƙa.

Ki gaida mutanen gida.

Taki har yanzu,
'Yar gadon sama, ɗakinmu na tara zamanin ɗalibta