Ni Nake Kashe Gem Ɗin Kafin Mu Gama, Ƙanena Ya Ɗauka Ikon Allah Ne

Gaisuwa ga mai kula da wannan shafi da duk masu karanta shi, Kirista da Musulmi. Ina roƙo a sakaya sunana da na unguwarmu. Ina kuma roƙon duk wanda zai ba ni amsa ya karanta har ƙasa kafin ya yanke mini hukunci, domin maganar za ta yi kama da shirmen yara, tunda a kan gem ne na talabijin, amma akwai ran mutum a cikinta. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka zan jera abin yadda ya faru, ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, ni ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, cikin masu bin layin dogo a ƙafa suna duba kusoshi da katako. Ina da mata da yara, kuma dattijo ne ni a ikilisiyarmu. A gidana ba a barin tuwo a kwano, ba a fara shara a ajiye tsintsiya a tsakiyar gida. Wanda ya fara abu sai ya gama. Na sha dukan yarana a kan wannan, kowa ya sani.

Na biyu, ƙanena. Zan kira shi Bulus, ba sunansa ba ne. Yana haya da babur ne a Gidan Waya, yana ɗaukar ɗaliban kwaleji. Bara ya kai wani fasinja ta hanyar Kachia, motar citta ta goge shi, ƙafar hagu ta karye ƙasa da gwiwa har ƙashi ya fito. An kai shi asibiti, amma mu dangi muka ɗauke shi muka kai wa mai ɗori a ƙauye, kamar yadda aka saba yi a wajenmu. Ƙashin ya kama, ciwon bai rufe ba. Da muka dawo da shi asibiti likita ya ce naman ya fara ruɓa, sai an yanke daga ƙasan gwiwa, kuma ni babban wa ni zan sa hannu, tunda babanmu ya rasu. Bulus ya yi ta ihu ya ce ba zai yarda ba. Mamanmu ta zo daga ƙauye, ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Da ƙafa biyu na haife shi. In aka rage mini ɗa, ba likita ya rage shi ba, kai ne." Ta koma. Bulus ya zauna a gidana, a ɗakin baƙi, matata tana wanke masa ciwon.

Na uku, yadda gem ya shigo. Maƙwabcinmu Malam Sale, mai shagon rediyo a kasuwa, shi ya kawo na'urar a kwali, irin wadda ake jona wa talabijin a cusa mata kaset, da abin dannawa guda biyu. Ya ce, "Maigida, a ba yaron nan ya rage tunani. Zaman kallon rufi ba ya warkar da kowa." Na karɓa don kunyarsa, amma na kafa doka: ranar Lahadi kawai, bayan an taso daga sujada an ci abinci. Sauran kwanaki adaftar da ke ba ta wuta tana kulle a akwatina, don kada yara su bar karatu. Bulus ya ce wasan na mutum biyu ne, dole sai na riƙe abin dannawa ɗaya. A cikin gem ɗin mutum biyu ne suke gudu suna harbi, su wuce daji, su wuce gada, su wuce wani kogo, a can ƙarshe akwai ƙofar ƙarfe da babban dodo a bayanta. Kowa da rai uku. Kuma na'urar ba ta ajiye inda aka tsaya. Da zarar wuta ta yanke, ko kuna bakin ƙofar ƙarshe, sai ku koma daji ku faro.

Da farko ban iya ba. Bulus, wanda Senior yake ce mini, wato babban wa, yana dariya har yana riƙe cinya. "Senior, a hankali mana, wannan ba gudumar reluwe ba ce! Ka ga rami ka shiga da ƙafarka kamar an gayyace ka biki." Tun da ya yi hatsarin ban ji dariyarsa ba sai a lokacin. A hankali na gane cewa abin tsari ne kawai: maƙiyan nan daga wuri ɗaya suke fitowa kullum, a lokaci ɗaya. Na haddace su kamar yadda na haddace layina. Wata Lahadi muna tsakiyar gada na ɗauko masa maganar asibiti, na yi masa faɗa sosai. Ya tsayar da wasan, ya dube ni ya ce, "To, Senior, mu yi alkawari. Ranar da ni da kai muka ga ƙarshen kaset ɗin nan tare, ka kira mota, in je su yanke ƙafar." Na ce da gaske kake? Ya ce da gaske. Na kira matata ta zama shaida, muka yi musafaha. A raina na ce an gama, saura aiki.

Yanzu ga inda laifina yake. Ranar da muka fara isa ƙofar ƙarfen, masu wuta suka ɗauke wuta. Wannan da gaske ne, ba hannuna a ciki, kuma shi kaɗai ne na gaske. Talabijin ta yi baƙi, Bulus ya saki numfashi ya ce, "Kai! Saura kaɗan." Ni kuwa na ji kafaɗuna sun sauka. A lokacin na san ba na son mu gama. Lahadi ta gaba muka sake isa, wuta tana nan daram. Wayar da ke kawo wuta ga na'urar ta bi ta ƙarƙashin bencin da nake zama, akwai wani wuri da ta taɓa tsinkewa, ni da kaina na haɗa na naɗe da leda. Ƙofar tana buɗewa, dodon ya fito da kai, sai na ɗora diddigena a kan haɗin nan na danna. Na'urar ta mutu. Na tashi na duba soket, na duba adafta, na duba bayan talabijin, ɗaya bayan ɗaya, fuskata a ɗaure. Har na yi wa ’yata Rahila tsawa na ce ita ta taɓa waya, yarinyar da ke waje tana wanke kwanoni. Lahadi ta gaba na sake. Ta gaba ma haka. Wani lokaci a bakin ƙofa, wani lokaci sai na bari mun raunata dodon, don kada abin ya zama iri ɗaya. Kun ga har ƙaryar ma tsara ta na yi.

Za ku tambaye ni dalili. Ni ma na tambayi kaina. Maganar Mama ce? Tsoron a ce a ƙauye ni na sa hannu aka guntule ɗan uwana? Ko don na taɓa ganin abokin aikinmu da jirgi ya cire wa ƙafa, yadda yake jan jiki a bakin tasha? Ko dai kawai ina son Lahadin nan ta ci gaba, yana dariya yana ce mini Senior? Ban sani ba. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ba na jin komai lokacin da nake takawa. Ba tsoro, ba tausayi. Kamar ina ɗaure kusa a layi. In taka, in tashi, in duba soket, in kulle adafta a akwati, in je sujadar yamma in karanta wa jama'a nassi. Mutane suna yabona, wai a ga yadda dattijo yake zama da ƙaninsa yana wasan yara don ya faranta masa. Ina jin su, ina cewa mun gode Allah.

Ban taɓa tunanin yadda Bulus yake fassara abin ba, sai ranar da ƙungiyar zumuntar mata ta ikilisiyarmu ta zo yi masa addu'a. Sun cika ɗakin, ina tsaye a bakin ƙofa. Ya ce yana da shaida. Ya ba su labarin alkawarinmu duka, sannan ya ce, "Iyayena mata, ku duba. Duk ranar da muka kai ƙarshe sai wutar ta mutu. Gidan Malam Sale da wuta, fitilar ɗakin nan da wuta, na'urar kaɗai ke mutuwa. Senior ya duba ko'ina bai ga komai ba. Wane ne yake kashewa in ba Ubangiji ba? Yana gaya mini ne kada in yarda a yanke." Ɗakin ya ɗauki Halleluya. Suka fara waƙa suna tafi, wata tana kuka. Shugabarsu ta juyo ta ce mini, "Baba dattijo, kai ne ganau, haka ne?" Na ce, "Haka ne, na duba ban ga komai ba." Da bakina na faɗa, a gaban mata masu addu'a. Labari ya kai ƙauye, Mama ta aiko da kaza da doya, ta ce a gaya mini na yi hankali da ban yi gaggawa ba.

Daga ranar Bulus ya ce ya daina wasan. Na ce mu ƙara gwadawa sau ɗaya, da niyyar wannan karon in janye ƙafata. Ya ce, "A'a, Senior, ba a gwada Allah. Na sami amsata. Mayar wa Malam Sale kayansa, ka yi masa godiya." Na'urar tana cikin kwalinta a ƙarƙashin gadona, na kasa mayarwa. Ko ina so mu gama yanzu, babu abin da za mu gama.

Ciwon kuwa bai san da wata shaida ba. Ɗakin ya fara wari, turare ba ya rufewa. Zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Na roƙi likitan ya biyo ta gida, ya zo ya duba, ya fito da ni tsakar gida. Ya ce, "Malam, lokacin da na ce ƙasan gwiwa ya wuce. Yanzu sai sama da gwiwa. In kuka ƙara jira ya shiga jini, ba maganar ƙafa za mu yi ba. Me kuke jira ne?" Na ce yaron ne ya ƙi. Ya girgiza kai ya hau babur ɗinsa. Gwiwar nan da za a bar masa, wadda zai iya sa ƙafar roba ya taka da ita, ni na cinye ta da diddigena, Lahadi bayan Lahadi.

Mutum ɗaya ne ya sani. Wata safiya ina ɗaure takalmin aiki, matata ta tsaya a kaina da bokitin tsummokin da ta wanke. Ta ce, "Baban Rahila, ranar nan ina bakin ƙofa da tiren abinci. Na ga ƙafarka." Ban ɗago ba. Ta ce, "Na yi shiru ne ina jira ka gyara da kanka, sai na ji ka a gaban zumunta. Ni nake wanke ciwon nan, ni na san yadda ya koma. Ba zan faɗa masa ba, ba ni na taka ba. Amma in ya mutu a ɗakin nan, kada ka ce in tsaya kusa da kai a wajen jana'iza." Na gama ɗaure takalmina na tafi aiki. Na bi layina na duba kowace kusa.

Na gwada faɗa masa. Na shiga na zauna a bakin gadonsa, na ce Bulus, akwai magana. Ya ce, "Senior, kafin ka fara, ka san abin da ya fi ƙarfafa ni? Kai ne. Da da wani nake wasan, sai in ce ko shi ne yake wani abu. Amma kai? Ai ko Shaiɗan ya san ba ka barin aiki rabi." Ya yi dariya, goshinsa duk zufa. Ya ce mece ce maganar? Na ce ba komai, na zo in ga ko ya ci abinci ne.

Ga abin da ke gabana, a jere. In na gaya masa gaskiya, na ƙwace masa abu ɗaya da yake riƙe da shi, ya san ba Allah ne ya yi masa magana ba, wansa ne da ƙafa a kan waya, kuma ban san ko zai yarda da wata maganata bayan haka ba, har ta asibitin. In na kira mutane muka ɗauke shi da ƙarfi, zai tafi yana ganin mun yi wa Ubangiji tawaye, kuma likita ya ce ba zai yanke wa babban mutum ƙafa yana ƙi ba. In na fara zuwa wajen fasto, dole maganar ta fito gaban ikilisiya, tunda a gaban zumunta na yi shaidar zur. Wannan bai dame ni ba kamar yadda ya kamata ya dame ni. Ba abin da yake damuna yadda ya kamata, shi ya sa na rubuto, ko wani zai ji abin da na kasa ji ya gaya mini.

Shekaranjiya ya miƙo mini takalminsa na ƙafar hagu, wanda ya yage ranar hatsarin. Ya ce in kai a ɗinke, wai da shi zai taka zuwa majami'a ranar godiyar kaka, bayan girbi. Na karɓa, na kai, an ɗinke, an goge. Yana nan a gabana a kan tebur ina wannan rubutu, shi kuma yana kira daga ɗaki yana tambaya ko na karɓo.

Jama'a, in shiga in ce masa me? Me zan yi?