Rasuwar Goggo Mai Almakashi da Amanar Muryoyin 'Yan Haya

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Bi Gida-Gida da Tambayoyin Bincike ta samu labarin rasuwar uwarta kuma majinginarta, mai girma Shugabar Sashen Tace Bayanai ta Ma'ajiyar Bincike, wadda mu 'yan yawon rana muka fi sani da Goggo Mai Almakashi, bayan gajeriyar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. An ɗora mini rubuta wannan saƙo ba don zurfin karatu ba, domin ni makaranta leƙa ta na yi na fito, sai don an ce bakina ba ya gajiya.

Ga wanda bai san aikinta ba: mu ne muke ƙwanƙwasa ƙofofi, mu rantse wa mutane cewa abin da suka faɗa ba zai dawo ya cije su ba, ita kuma take cika mana rantsuwar. Duk amsar da muka rubuto da duk muryar da muka naɗo sai ta bi ta teburinta, a ɗakin nan na ƙarshen baranda mai fanka mai kuka, kafin a shigar da ita ma'ajiya, inda ɗalibai da malamai na ko'ina za su ɗiba. Goge suna kaɗai bai taɓa isarta ba. Takan ce in ka goge sunan mutum ka bar "tela mai ɗingishi na kusa da famfo", hula kawai ka sauya masa, maƙwabta za su gaishe shi da sunansa.

Don haka takan tara mu, ta karanta amsa guda, ta tambaya ko akwai wanda ya gane mai maganar. In hannu ya ɗagu, almakashi ya koma aiki. Ni ma abin ya taɓa biyowa ta kaina. Ta karanta amsar wata mata da aka tambaya babbar matsalar gidansu, ta ce maigidan ne, mai fara labari tun daga ƙofa har abinci ya huce, wanda 'ya'yansa suka haddace barkwancinsa suna ƙarasa masa. Ban ɗaga hannu ba, amma duk ɗakin ni aka juyo ana kallo. Goggo ta sauke tabarau ta ce, "To, wannan baiwar Allah ma ba ta ɓuya ba." Ta yanke. Har gobe uwar 'ya'yana tana cewa ba ita ba ce, ni kuma ba ni da shaida, domin marigayiya ta iya aikinta.

Ajali ya riske ta tana tsakiyar binciken 'yan haya. Muryoyin waɗanda suka faɗa mana yadda rufi ke yoyo da yadda ake yi musu barazanar watsa kaya waje suna nan a kwamfutarta a gida, ɗanyu, almakashi bai taɓa su ba. Duk wanda aka gane muryarsa, kayansa a titi za su kwana, kuma mu ne muka ce masa ya saki jiki ya yi magana.

Ƙungiya ba ta zargin kowa. Tana dai mamakin wani bawan Allah mai ƙamshin turare da ya zo gaisuwa ya ce shi abokin karatun marigayiya ne, ya yi kukan da ya fi na 'ya'yan cikinta, ya share hawaye, sannan ya ja babbar 'yarta gefe yana tambayar ɗakin da kwamfutar take, wai zai kai ta ma'ajiya da kansa don ya rage wa iyali wahala. Ma'ajiya ta ce ba ta aiko kowa ba. Ɗaya daga cikinmu kuma ya ce kamar ya san takalman mutumin nan, ya sha ganin su suna bin ƙofa-ƙofa a ƙarshen wata a layin da muka yi tambayoyi. Mai yiwuwa takalma ne suka yi kama. Wani ma ya bugo waya, wai marigayiya ta yi masa alkawarin kwafin muryoyin kafin ta cika. Ikon Allah, matar da ko mijinta ba ta bari ya leƙa allonta ba, sai da ta rasu ta zama mai kyauta.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, dattijon arziki, da 'ya'yanta da jikokinta da ɗaukacin abokan aikinta, muna roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa bayinSa, Ya ba iyali haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Ƙungiya ta amince, da yardar iyali, cewa kwamfutar ba za ta motsa ba sai ma'aikatan ma'ajiya da muka san fuskokinsu sun zo, mun zauna an karanta amsa ɗaya-ɗaya yadda ta saba, har sai babu hannun da ya ɗagu. Kafin nan, mai zuwa gaisuwa ƙofa a buɗe take. Mai neman ɗakin kuwa zai tarar da ni zaune a bakinsa, kuma ina da labarai da yawa da iyalina suka gaji da ji.

Baban 'Yan Biyu
Kakakin Ƙungiyar Masu Bi Gida-Gida da Tambayoyin Bincike