Ranar da Aka Karrama Kodep

Koror, 4 ga Fabrairu, 1998

Zuwa ga Isechal, mai jifan da bai taɓa tsere mini ba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Oregon bai ƙarasa busar da hannun nan naka ba. Mu nan tsibiri lafiya, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa. Ƙanwata Ubedei ce ke rubuta mini, ka san hannuna da kulki ya saba, ba da alƙalami ba.

Ga labari. Yaran ƙungiyarmu ta yakyu, wasan nan namu na bugun ƙwallo da kulki, za su karrama ni ranar buɗe wasannin bana. Wai in fito da tsohuwar rigata in bugi ƙwallon farko. Na ce musu ba ɗan jiyan da zai jefo mini, sai kai. Ka tuna wadda na buga maka ta tsallake shinge ta faɗa teku? Ka ce wai iska ce ta ɗauke ta. To ka zo mu gwada ranar da ba iska. Ubedei za ta yi maka farfesun jemage da gwaza.

Ka huta lafiya.
Kodep

Salem, Oregon, 2 ga Maris

Kodep, tsohon banza,

Na gaishe ka, na gaida Ubedei da haƙurin zama da kai. Iska ce, kuma har gobe iska ce.

Ba zan samu zuwa ba, mutumina. Ƙodata ta gaza, injin asibiti ke wanke mini jini, likita ya hana ni ko kwana a wani gari. Jikokina ba sa jin yarenmu, amma na zaunar da su na ba su labarinka: yadda Japanawa suka ɗauke ka ka buga musu wasa a ƙasarsu kana saurayi, yadda masu jifansu suka koma kauce maka, sai kawunka ya rasu, dangi suka kira ka riƙon gida, ka dawo kana sauke kaya a tashar jiragen ruwa. Babban cikinsu ya ce, "To Kaka, in haka ya iya, me ya sa ba a taɓa nuna shi a talabijin ba?"

Ka bari yaro ya jefo maka. Ka buga guda da sunana.

Naka har kullum,
Isechal

Koror, 20 ga Afrilu

Yaya Isechal,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi maka sannu da jiki. Wannan karon da bakina nake magana, Yaya Kodep bai san na rubuto ba.

Ciwon suga ya cinye masa ido tun bara. Inuwa kawai yake gani. Ya hana ni faɗa maka, ya hana ni faɗa wa yaran ƙungiya. Na roƙe shi ya karɓi karramawar a zaune. Ya ce, "Ubedei, ni ba da ido nake bugu ba, kafaɗata ta san hanya."

Ranar buɗe wasannin, fili ya cika. A bakin shinge ya saki hannuna ya shiga shi kaɗai. Da ya ɗaga kulki ya gyara tsayuwa, tsofaffi suka yi tsit, don tsayuwar ba ta canza ba ko kaɗan. Ni ma na ɗan sa rai.

Yaron ya jefo a hankali. Ƙwallo ta riga ta shiga hannun mai cafewa kafin Yaya ya kai bugu. Ta biyu ma haka. Sai yaron ya matso kusa, ya lallaɓo ta daga ƙasa kamar yadda ake jefa wa ɗan yaye. Wani a bayana ya yi dariya. Yaya ya kai bugu da dukan ƙarfinsa, iska ya samu, nauyin kulkin ya juya shi ya faɗi a kan gwiwa. Aka yi ta tafi, aka daɗe ana yi. A mota ya ce mini, "Kin ji tafin nan? Na jana'iza ne."

Tun ranar bai taka ƙofar gida ba. Ga miki a tafin ƙafarsa ya ƙi warkewa. Likita ya ce a yanke ƙafar kafin abin ya hau. Yaya ya ce idon ya tafi, a bar masa ƙafa ya shiga kabari da ita. Dangi sun yi magana, limamin cocinmu ya yi, a banza. Wataƙila kai zai ji taka.

Ƙanwarka,
Ubedei

Salem, 9 ga Mayu

Kodep,

Gaisuwa. Ubedei ta faɗa mini komai, kada ka yi mata faɗa. Ka bari su yanke ƙafar. Ni a kujerar asibiti nake rayuwa, amma ina rayuwa. Na matsa wa 'yata, ta ce za ta binciko ko akwai injin wankin jini a Koror. In akwai, zan zo, ko da a kwance. Mu zauna a baranda, makaho da gurgu a jiki ɗaya, ga mai rabin rai a gefe, mu yi ta musu.

Ka jira ni.
Isechal

Koror, 30 ga Mayu

Isechal,

Na gaishe ka. Ubedei ta karanta mini, kuka ya hana ta kaiwa ƙarshe sai da ta sake.

Ƙafa tana nan inda take. Kada ka zo. Duk wanda ya san ni a tsibirin nan yana filin ranar. Kai kaɗai ka rage da ba ka gani ba. Ka zauna can da abin da ka sani.

Ka gaida jikoki.
Kodep